Waiwaye: Ciki Ya Ƙoshi, Ido Yana Jin Yunwa

Mu da muka tashi a ƙasar Bagudo, ko a Illo ne, ko Ka'oje, ko Zagga, ko Lolo ta bakin ruwa, mun san yadda rani yake yi mana idan ya yi nisa. Kwara ta fara janyewa tana barin rairayi, shanun Fulani sun yi kudu neman ciyawa, nono ya yi tsada, mangwaro kuma bai kai ga nuna ba. A irin wannan lokaci ne akan samu yaron da rana ke faɗuwa da ganinsa. Da hantsi lafiyarsa ƙalau, yana langa, yana bin ƙadangaru da danƙo. Amma da zarar an kira magariba, sai ka gan shi ya nemi jikin bango ya rakuɓe. A ajiye akushin tuwo, sauran yara su sa hannu, shi yana laluben ƙasa. A aike shi ɗaki ya ɗauko tabarma, ya yi karo da turmi. Uwarsa, da yake ita ma yarinya ce, sai ta ɗauka sakarci ne ko ƙiwa, ta kai masa ranƙwashi.

A nan ne tsohuwar gida takan sa baki daga bakin ɗakinta. “Ke ɗiyata, bar bugun yaron ga. Ba sakarci na ba, dundumi na. Gobe kasuwa, a sawo mai hanta.” Ba a musu da ita. Washegari a je wurin mahauci a yanko hantar akuya ko ta tunkiya, a ɗora ta a kan garwashi, a juya ta har ta daina zubar jini, a ɗan barbaɗa gishiri, a zaunar da yaron shi kaɗai ya cinye, sauran yara na haɗiyar yawu. Kafin kasuwa ta zagayo, ga shi nan cikin masu wasan dare a dandali. Babu wanda ya yi mamaki, babu kuma wanda ya tambayi dalili. Abu ne da aka gada, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Yau da yaro zai yi irin wannan lalube a gidajenmu, me za mu yi? Yawancinmu kemis za mu nufa, mu ce a ba mu maganin ɗigawa. Wasu su tari mai tallar magani da lasifika a kasuwa, wanda kwalbarsa guda ke maganin basir da sanyi da hawan jini da ƙarin gani. Kaɗan ne daga cikinmu za su waiwayi tukunyar miya su tambaye ta. Tsofaffin nan da suka san ciwon sun kwanta dama, mu kuma ba mu karɓi ilimin daga hannunsu ba, don mun ɗauka duk abin da ba a rubuta a jikin kwali ba camfi ne.

Alhali kuwa ba kakanninmu kaɗai suka san sirrin hanta ba. Likitocin Masar ta zamanin Fir'auna sun rubuta ta a matsayin maganin rashin gani da dare fiye da shekara 3,000 da suka wuce, na Girka ma suka bi sahu. Abin da ya rage shi ne sanin dalili, kuma wannan bai samu ba sai a 1913, lokacin da masu bincike a Amurka, cikinsu har da Elmer McCollum da Marguerite Davis, suka gano cewa akwai wani sinadari a cikin man shanu da gwaiduwar ƙwai wanda in babu shi dabba ba ta girma. Shi ne aka sa wa suna bitamin A. Daga baya George Wald ya nuna aikinsa a cikin ido, abin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1967.

Bayanin ba mai wuya ba ne, kuma kowa ya taɓa jin sa a jikinsa. Ka fito daga tsakar rana ka faɗa ɗakin da ba taga, sai ka tsaya cik ba ka ganin komai, bayan ɗan lokaci gado da randa su fara bayyana. A can bayan ƙwayar ido akwai wata siririyar shimfiɗa mai karɓar haske, a jikinta akwai wani sinadari da haske ke wargazawa, jiki kuma ya sake haɗa shi. Da bitamin A ake haɗin. Wannan ɗan jiran da ka yi a bakin ƙofa, lokacin haɗin ke nan. Wanda jikinsa ba shi da isasshen bitamin A, jiransa ba ya ƙarewa. Ita kuwa hanta, ta mutum da ta dabba, ita ce rumbun wannan sinadari. A lokacin wadata jiki na zubawa a ciki, a lokacin babu ya riƙa ɗiba, kuma cikakken rumbu na iya riƙe mutum watanni. Dundumi alama ce ta cewa an kai ga share ƙasan rumbu. Tsohuwar da ta ce a sawo hanta, rumbun akuya ta ɗebo ta zuba a na jikanta.

To, da me muke cika namu rumbun a da, tunda nama ba kullum ba ne? Shekara ce ke ciyar da mu bi da bi. Bazara ta zo da mangwaro, mu sha har ya ɓata mana gaban riga, ba mu san cewa jan nan nasa jiki na juya shi ya koma bitamin A ba. Ga 'ya'yan giginya, ga gwanda a bayan ɗaki. Ruwa na sauka ganye ya tsiro ko'ina: tafasa, rama, yakuwa, lalo, alayyafo, ga zogale a jikin danga. A damina ne kuma zabi ke zuba ƙwai a daji. Kaka ta zo da kabewa, a yi miyar taushe, a jera sauran a kan rufin ɗaki su kai mu cikin rani. Sarkawa na kawo kifi daga Kwara, ƙananan a soya a ci da kai da ciki, inda amfanin ya fi taruwa. Matan Fulani na shigowa daga rugagen Ka'oje da ƙwarya a kai, kindirmo a ciki, curin man shanu na yawo a samansa. Manja kuwa daga kudu yake hawowa. Illo tsohuwar mashigar fatake ce tun zamanin da ake zuwa Gwanja neman goro, kuma har gobe kayan kudu na biyo hanyar Parakou da Kandi su sauka kasuwar Malanbil, daga nan su watsu zuwa garuruwanmu.

Ku tuna yadda iyayenmu mata ke kwaɗon zogale. A tsinke ganyen daga kara, a dafa, a matse ruwan, a zuba a ƙwarya. A daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, sannan a kawo man gyaɗa a zuba, a cakuɗa da hannu har kowane ganye ya yi ƙyalli. Wannan man na ƙarshe, da muke ɗauka don daɗi ne kawai, shi ne mabuɗin. Sinadarin da ke cikin ganye da kabewa da karas ba ya ratsa hanji sosai sai da maiƙo. Ganye ba mai, rabin aiki ne. Haka nan tsohuwar da ke shanya kuka da rama a inuwar zaure, tana faɗa da duk wanda ya fitar mata da su rana, ita dai ta san na inuwa ya fi kore da daɗi. Masana sun zo sun tabbatar cewa zafin rana na cinye yawancin amfanin ganye, na inuwa kuwa yana riƙe nasa. Ko a nono akwai bambanci: bitamin A na tare da mai, don haka idan an kaɗe man shanu aka bar tsala, an bar wa yaro tsami da ruwa, amfanin ido ya tafi da curin.

Abin lura a nan shi ne, gero da dawa da shinkafa, duk da su ne ƙarfinmu, ba su da wani abin kirki da suke ba ido ta wannan fuska. Tuwo na ciki ne, miya ta ido ce. Iyayenmu ba su faɗe shi da baki ba, amma sun aikata shi da ludayi.

Yanzu mu leƙa kwanon yaranmu. Jihar Kebbi ta yi suna a noman shinkafa, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, kuma fadamunmu na bakin Kwara sun ga alheri. Mu da ke kan iyaka mun ga ɗaya fuskar ma: buhunan shinkafar waje a bayan babura ta hanyar Tsamiya da Segbana, da cikin kwale-kwale ta wajen Lolo, har aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Duk rigimar kan iyaka a kan shinkafa da fetur take, ba mu taɓa jin an yi cacar baki a kan ganye ba. Shinkafa ta zama sarauniyar gida, da mai da yaji, da rana da dare. Ga taliya, ga taliyar yara ta leda, ga lemon kwalba. Miya ta koma ruwan tumatir da ɗanɗano. Bayan ɗakin da ake shuka kabewa an zuba masa siminti, dangar zogale ta koma katangar bulo. Yarinyar da ta kawo kwaɗon rama gidan miji sai a ce ƙauyanci ne bai sake ta ba. Yaro ya ci ya ƙoshi har ya yi gyatsa, mu ce alhamdu lillahi, ba mu san cewa idonsa da yunwa ya kwana ba.

Sai dai waiwaye adon tafiya ne idan an faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ita ce zamanin da ma yana da nasa raunin. Da abincin ya wadaci kowa, da ba mu san dundumi ba tun farko. Mun tuna shekarun da baƙon dauro ke shiga gari a lokacin zafi ya bi gida-gida. A kulle yaro a ɗaki mai duhu, a hana shi wasu abinci, ido ya kumbura ya rufe, a matsa masa ruwan ganye ko a zizara tozali. Ranar da ya buɗe ido, sai a ga fari ya rufe baƙin. Hakiya ke nan, kuma ta zauna har abada. Ƙyanda, wato baƙon dauron nan, na cinye bitamin A na jikin yaro cikin 'yan kwanaki, ga zazzaɓi, ga zawo, ga rashin ci. Idan dama ajiyarsa ta yi ƙasa, fatar ido ta bushe, wani fari-fari mai kumfa ya fito a gefen ƙwayar, daga nan gilashin gaban idon ya yi gyambo, wani lokaci ya narke gaba ɗaya. A 1979 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, sun wallafa bincike a kan irin wannan gyambon ido da ke biyo bayan ƙyanda a yaran Arewa. Da yawa daga cikin makafin da muka tashi muna gani ana yi wa jagora a kasuwanninmu, da idonsu aka haife su.

Akwai kuma abubuwan da muka hana 'ya'yanmu da hannunmu. Mace ta haihu, a ce nonon farko, dakashi, ba shi da kyau, a matse a zubar, a ɗura wa jariri ruwa ko madarar dabba har “nono ya gyaru”. Alhali wannan ruwan ɗorawa-ɗorawa mai kauri shi ne ya fi kowane nono bitamin A da garkuwar jiki, guzurin farko ne da Allah Ya tanadar wa jariri. Aka ce kada a ba yaro ƙwai, zai yi sata. Sai a kwashe ƙwan zabi a kai kasuwa, mai shayi ya soya wa manya. Mace mai ciki ta ce ba ta gani da dare, a ce ai haka ciki yake, in ta haihu zai wuce, ba a san jikinta ne ke raba ɗan abin da ya rage tsakaninta da ɗan tayi ba. Waɗannan ba gadon riƙewa ba ne. Wanda ya gaji gida yakan gyara inda ke yoyo, ba ya cewa haka na tarar.

Abin da ya tayar da duniya tsaye a kan wannan lamari daga Indunusiya ya fito. Wani likitan ido, Alfred Sommer, ya lura cewa yaran da ke da dundumi sun fi sauran mutuwa. Aka yi gwaji a ƙauyuka 450 na yankin Aceh, sakamakon ya fito a 1986: inda aka ba yara bitamin A, mace-macensu ya ragu da kusan kashi 1 cikin 3. Dalili kuwa, sinadarin da ke jiƙa fatar ido shi ne ke kula da fatar cikin hanji da ta huhu, mashigar zawo da ciwon haƙarƙari. Ashe ido ɗan aike ne kawai, shi ke fara kawo labarin abin da ke faruwa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara saboda ƙarancin bitamin A, kuma rabinsu ba sa cika shekara guda a raye bayan makantar.

Daga nan ne ɗan kafson nan ya samo asali, wanda muke gani a Makon Lafiyar Mata da Yara sau 2 a shekara. Shuɗi na ɗan wata 6 zuwa 11 ne, ja kuma na ɗan wata 12 zuwa 59. Malamar asibiti ta sa almakashi ta datse bakinsa, ta ce, “Inna, riƙe mini kansa,” ta matse 'yan ɗigo a bakin yaro, shi ke nan, an yi masa ajiyar watanni. Ba allura, ba kuɗi. Yaron da ƙyanda ta kama ma ana ba shi, yau da gobe, don a tsare masa ido da rai, ita kanta ƙyandar kuma akwai rigakafinta a wata 9, a maimaita a wata 15. Mu mutanen kan iyaka muna da tamu matsalar: iyali rabi a nan rabi a Benin, makiyayi yau yana wannan tsallake gobe yana wancan, masunci na tungar da sai da jirgi ake isa. Sai yaro ya faɗa tsakani, an yi na nan yana can, an yi na can yana nan. Ciwo ba ya tsayawa a shingen kwastan ya nuna takarda. Uwar da ta riƙe katin ɗanta, ta nuna shi a duk asibitin da ta samu kanta, ta yi masa gata babba.

Akwai wani gatan ma da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Tun 2002 doka ta wajabta a Najeriya a riƙa ƙara bitamin A a cikin man girki da sukari da fulawa da ake sarrafawa a masana'antu. Ku duba jikin galan ko buhu, za ku ga ɗan tambari mai hoton ido da harafin A. A tsallaken Benin da wasu ƙasashe renon Faransa, tambarin nasu na ɗauke da kalmar Enrichi. Amma mu yaya muke sayen mai? A jarka mara suna, a ɗura a gorar ruwa, a jera a kan tebur rana na dukansa tun safe har la'asar. Haske da zafi na kashe bitamin A, sai ka sayi mai ka bar amfanin a kasuwa. Manja kuma, wanda a duk mayukanmu babu kamarsa wajen wannan sinadari, sai uwargida ta ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, wai don ya daina gafi. Jan da ta kora shi ne abin da ido ke nema. A narka shi sama-sama da albasa ya wadatar.

Kada manya su ce wannan zancen yara ne. Korayen ganyaye da gwaiduwar ƙwai na ɗauke da wasu sinadarai da ke taruwa a daidai tsakiyar shimfiɗar nan ta bayan ido, wurin da muke karatu da gane fuska da shi. Wake da gyaɗa da nama na ba da zink da abin gina jiki, waɗanda sai da su bitamin A ke fita daga hanta ya isa ido. Jijiyar gani kuma na buƙatar dangin bitamin B. Ƙasar Kyuba ta ga haka tsakanin 1991 da 1993, lokacin da abinci ya yi ƙaranci, mutum sama da 50,000 suka kamu da ciwon jijiya mai dushe gani, sai da aka raba wa jama'a bitamin kafin abin ya lafa. Ga kuma ciwon sukari, wanda a da muke ce wa na masu kuɗin birni, yau ya shigo ƙauye tare da shayi mai sukari cokali huɗu, yana cin jijiyoyin jinin ido a ɓoye.

Duk da haka, kada mu ɗora wa miya kayan da ba nata ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Yana ba ta jin zogale, ba ta jin hanta, aikin likita take so, aikin da ba ya daɗewa, kuma ana yin sa a Birnin Kebbi da Sakkwato, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke sun raba mutane da yawa da ganinsu. Hawan jinin ido kuwa ba ya sallama, sai awo ke gano shi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Wanda ya haura 40 ya kai idonsa a duba, ko ba ya jin komai. Su ma ƙwayoyin bitamin na kanti ba alewa ba ne. Bitamin A idan ya yi yawa guba ne, tunda jiki tara shi yake yi, kuma mai ciki ko mai sa ran ciki kada ta kuskura ta sha jan kafson yara, yana iya nakasa abin da ke cikinta. Ita nata a kwano yake: ganye, kabewa, ƙwai, kindirmo, kifi, da abin da aka ba ta a wurin awo.

Abin farin ciki, ƙasarmu ba ta gaza ba. Fadamar da ke ba da shinkafa da albasa za ta ba da karas da alayyafo a tsakiyar rani idan an ware mata kunya biyu. Masu binciken noma sun fito da rogo mai ruwan ɗorawa a 2011, da masara mai ruwan goro a 2012, waɗanda aka kyautata irinsu don su ɗauki bitamin A, da hannun cibiyar IITA ta Ibadan, a masarar kuma har da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya. Akwai dankalin Hausa mai jan ciki, wanda ƙarami guda ya ishi ɗan yaye buƙatarsa ta yini, har waɗanda suka yi aikin yaɗa irin waɗannan amfanin gona suka samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2016. Manomi ya tambayi malamin gona irinsu. Zogale kuwa ko tambaya ba ya so: a yanko reshe a kafa kusa da inda ake wanke-wanke, kafin shekara ta zagayo ana tsinka.

Saura magana ɗaya, kuma tamu ce mu maza. A gidajenmu tsoka da hanta da ƙwai na kwanon maigida ne, yara sai romo. Da dare kuma mu ne a gaban mai tsire, ana yanka mana hanta da ƙoda a takarda, mu cinye a majalisa mu goge baki mu shiga gida. Wanda ya gama girma shi ke cin abin girma, wanda ke tsakiyar girma yana lasar kwano. Babu wanda ya ce maigida ya bar cin tsire. Amma tsinke guda na hanta a mako, a raba wa ƙanana, bai kai kuɗin katin waya ba. Ƙwai biyu daga cikin na kajin gida su tsaya a gida. Idan za a ba da kuɗin cefane, a ƙara na ganye da manja, kada uwargida ta zaɓa tsakanin gishiri da alayyafo. Idan masu kafso sun zo, a ce da su bismilla, a fito da yara har na maƙwabta.

Rigakafi ya fi magani, balle a ciwon da in ya gama aikinsa ko Kaduna aka je sai haƙuri. Yaron da muka tsare wa ido yau shi ne zai karanta mana takardar asibiti, ya tuƙa mu zuwa Juma'a ranar da namu ganin ya yi rauni. Allah Ya bar mu da jinmu da ganinmu, Ya raya mana zuriya cikin lafiya.